Wuta, dizal da sola: amsoshin tambayoyin masu sana'a kan kuɗin lantarki

Tun ranar 3 ga Afrilun 2024 da aka ninka kuɗin wutar wasu layuka fiye da sau uku, zancen lantarki ya tashi daga ofisoshin Abuja ya dawo bakin shago. Mai injin niƙa da mai ƙanƙara da mai walda da mai kamfanin ruwan leda, kowa da abin da ke cin sa, amma in ka kasa kunne tambayoyin kusan guda ne, baki ne kawai ya bambanta. Ga waɗanda aka fi yi mini. Wasu amsar a taƙaice take, wasu kuwa sai an ɗauko biro da takarda.

Wai wa ke yanka farashin wuta? Kamfanin da ke kawo mana bil ne?

A'a, shi mai karɓa ne. Hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ita ke amincewa da farashin yunit, ban da jihohin da suka kafa tasu hukumar. Kamfanin rarraba wuta yana iya neman ƙari, amma ba ya ƙara ko kwabo sai da takardar hukumar.

Har yau muna cewa "NEPA ta kawo wuta", alhali NEPA ta rasu tun 2005, PHCN ta gaje ta, ita ma aka yanyanka ta aka sayar a Nuwamban 2013. Yanzu hannu uku wuta ke bi kafin ta iso shagonka. Akwai masu samar da ita, irin tashar Egbin ta Legas da madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Akwai TCN mai manyan turakun ƙarfe, wanda ya rage a hannun gwamnati. Sai kamfanonin rarrabawa 11 da aka sayar a wancan lokacin. KEDCO ke riƙe da Kano, Katsina da Jigawa. Na Kaduna ya haɗa har Zamfara, Sakkwato da Kebbi, na Jos yana da Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, na Yola kuma Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. Kuɗin da ka biya waɗannan hannuwa ne ke raba shi, kuma a bayansu duka akwai mai sayar da iskar gas yana jiran nasa.

Mene ne wannan Band A ɗin, kuma wa ya sa ni a ciki ban nema ba?

Tun 2020 aka kasa masu amfani da wuta gida biyar, gwargwadon awannin da aka yi alkawarin ba su a rana: A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ba a duba girman shagonka ko nauyin aljihunka. Layin da ya ɗauko wuta daga ƙaramar tasha zuwa taransifomar unguwarku, wanda 'yan wuta ke kira fida, shi ake sa wa rukuni. Duk wanda ke kan layin ya shiga, da mai otal da tela mai keke biyu.

Rukunin yana rubuce a bil ko a rasit ɗin sayen yunit. In ba ka gani ba, yi wannan gwajin: in naira dubu goma ta ba ka yunit arba'in da 'yan kai, kana A. In ta ba ka sama da ɗari, kana ƙasa da nan. Sai dai ka lura, in ana cire maka tsohon bashi a duk sayen da ka yi, lissafin zai ruɗe.

To me ya yi zafi da za a ninka kuɗi sau uku a dare ɗaya?

Daga wajen naira 68 aka kai yunit ɗin Band A naira 225. A watan Mayu aka sauko da shi 206.80, a Yuli aka mai da shi 209.50, ban da harajin VAT na kashi 7.5.

Amsar ba ta wuce dala ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar ƙasar nan da iskar gas ake samar da ita, kuma duk da a Neja Delta ake haƙo gas ɗin, da dala ake yanka masa farashi. Kayan gyaran injinan tashoshi da dala ake sayowa, bashin da aka gina wasunsu da shi ma da dala aka ci. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi kanta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen 460 ta haye 1,500 a farkon 2024. Ana cikin haka hukumar da ke kula da gas ta ɗaga farashin da ake sayar wa tashoshin wuta daga dala 2.18 zuwa 2.42 a kowane ma'auni. Shi kuwa farashin yunit yana nan inda aka daskarar da shi tun ƙarshen 2022. Gwamnati ta ga giɓin ya fi ƙarfinta, sai ta zare tallafi daga kan kashi 15 cikin ɗari na masu wuta, waɗanda aka ce su ke shan kusan kashi 40 na wutar.

Ba a iya isar da saƙon ba. Ministan lantarki na lokacin, Adebayo Adelabu, ya ce don wuta na da araha ne mutane ke barin firiza a kunne kwana da kwanaki, maganar da sai da ya fito ya ba da haƙuri a kanta. Ƙungiyar ƙwadago ta rufe ƙofofin NERC da na kamfanonin rarrabawa a watan Mayun 2024, amma farashin bai koma ba.

Ni dai ban musanta lissafin gas da dala ba. Abin da ke min ciwo shi ne a cikin farashin har da wani kaso na asarar da aka yarda kamfani ya ɗora wa mai saye: wutar da ta zube a ruɓaɓɓun wayoyi, wadda aka sata, da bil ɗin da aka ƙi biya. Mai biya yana ɗauke da wani yanki na kayan marar biya.

Da wannan tsadar, ba gara in koma kan janareta gaba ɗaya ba?

Nan ne mutane da yawa ke yanke hukunci da zuciya. Akwai wani mai ƙanƙara da nake saye a wurinsa da azumi. Watan da bil ɗin farko ya zo, na same shi a tsaye kan benci da filaya a hannu zai cire wayarsa da kansa. Na ce, "Alhaji, sauko mu ga littafin." Ya ɗauko wani tsohon littafin makaranta da ya sha maiƙo, inda yaronsa ke rubuta jarkokin dizal. Muna gama tarawa ya mayar da filayar aljihu. Bil yakan zo sau ɗaya a wata ya daki ƙirji, dizal kuwa jarka-jarka yake zarar kuɗi, shi ya sa ba a jin zafinsa.

Ga yadda ake lissafin. Janareta mai dizal, in yana da lafiya kuma an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, lita ɗaya tana ba da yunit uku zuwa uku da rabi. A ɗauka lita naira 1,200 ce: yunit ya kama 350 zuwa 400 ke nan, ba a sa juyen baƙin mai da filta da kuɗin makaniki ba, balle tsufan injin kansa. Ƙaramin janareta mai fetur ya fi muni, da ƙyar lita ke ba da yunit biyu, sau da yawa ma ɗaya da rabi ne. Da can da fetur bai kai naira 200 ba ana iya kawar da kai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, har lita ta haye dubu a ƙarshen 2024, wannan hanyar ta toshe.

Yanzu kwatanta mutum biyu, kowanne injinansa na cin yunit 10 a awa, yana aikin awa 12 a rana. Na farko yana Band A, wuta ta tsaya masa: yunit 120 a kan naira 225 har da haraji, dubu 27. Na biyu yana Band D, yana murna yunit ɗinsa bai wuce naira 60 ba. Amma awa takwas ɗin nasa rabi da tsakar dare suke zuwa shago na kulle. Awa huɗu ya samu da rana, naira 2,400. Sauran awa takwas a kan dizal, yunit 80 a kan naira 400, dubu 32. Jimla dubu 34 da ɗari huɗu. Mai "wuta mai araha" shi ya fi biya.

Wannan lissafin yana tsayawa ne kawai in awa 20 ɗin sun zo, kuma wutar ta zo da ƙarfinta. Wutar da ba ta iya tayar da motar inji, ko wadda layi ɗaya cikin uku ya faɗi, mita na ƙirga ta amma ba ta yi maka aiki ba, wani lokacin ma sai ta ƙona maka kwail ka koma wurin mai naɗin waya.

Ina biyan kuɗin Band A amma ko awa 12 ba na samu. Ina zan kai kuka?

Ƙa'idar NERC ta ce in layin Band A ya yi kwana biyu a jere bai cika alkawari ba, dole kamfani ya wallafa dalili. In ya yi kwana bakwai a jere, a sauke layin zuwa rukunin da ya dace da awannin da yake bayarwa. An sha sauke layuka a kan haka, don haka ba maganar takarda kawai ba ce.

Amma baki ba ya kama kamfani, rubutu ke kama shi. Ajiye littafi, a rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, kullum, na wata guda. Kai ƙorafi a rubuce sashen ƙorafin kamfanin, ka karɓi shaidar sun amsa. Suna da kwana 15 na aiki. In shiru, sai ofishin sauraren ƙorafi na NERC da ke jiharku ko mafi kusa, in can ma ba a gamsu ba sai hedikwatar hukumar. Takarda ɗaya mai sa hannun shaguna talatin na layi guda ta fi takardu talatin da suka zo a warwatse, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba ni da mita, abin da suka ga dama suke rubutowa.

Kusan rabin masu wuta a ƙasar nan haka suke. Tun Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga bil ɗin ƙiyasi: akwai adadin yunit da ba a yarda a wuce ba ga marasa mita a kowane layi, ana fitar da shi daga abin da masu mita na layin suka sha. Nemi adadin layinku ka gwada da bil ɗinka. Duk da haka, ga mai sana'a babu abin da ya kai mita. A tsarin MAP da aka fara a 2018 kana iya biyan kuɗin mita, a riƙa mayar maka da shi a hankali ta hanyar yunit. Ka biya ta asusun da kamfani ya bayar a hukumance, kada ka danƙa wa wani a kan babur.

Abu biyu kuma. In za ka kama hayar shago, duba bashin da ke kan mitar kafin ka ba da kuɗi, ka sanar da kamfani a rubuce ranar da ka shiga. Sannan gyaran taransifoma da sayen turaku haƙƙin kamfani ne, ba na 'yan unguwa ba. Na san gajiya da duhu ke sa a yi karo-karo, amma in za a yi, a yi da yarjejeniya a rubuce kan yadda za a mayar da kuɗin.

Jona wuta ta bayan mita kuwa, dokar lantarki ta 2023 ta tanadi tara da ɗauri a kai.

Ana ta cewa gwamnati na biyan tallafin wuta. Mu ba mu gani a ƙasa ba.

Kana gani, ba ka dai gane shi ba ne. Duk wanda ke B zuwa E yana biyan ƙasa da abin da aka kashe wajen samar da yunit ɗin, gwamnati ta ɗauki alkawarin cike giɓin. A 2024 kaɗai giɓin ya kusa naira tiriliyan biyu. Matsalar ita ce alkawari daban, biya daban. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce bashin da suke bi ya kai wajen tiriliyan huɗu. Wanda ba a biya ba ba ya iya biyan mai gas, mai gas ya rage bututu, inji ya tsaya. Shi ya sa ƙasar da ke da tashoshin da a takarda za su iya ba da megawat dubu 13, mafi yawan abin da ta taɓa turawa a kan layi shi ne megawat 5,801, a watan Maris na 2025, ga mutum sama da miliyan 200.

Wato tallafin da ba a biya da kuɗi ba, kai ke biyan sa da dizal. In kana Band B ko C kana tsara kasuwancin shekara biyu zuwa uku, shawarata kada ka ɗora ribarka a kan farashin yau. Hanyar da aka ɗauka ta nufi inda kowa zai biya cikakken kuɗi ne, abin da ya rage gardamar lokaci ce.

Me ya sa in wuta ta lalace mu 'yan Arewa muka fi daɗewa a duhu?

Saboda muna ƙarshen igiya. Tashoshin gas kusan duk suna Kudu, madatsun ruwa suna jihar Neja da bakin Kwara, kuma manyan layukan da ke hauro da wuta ba su da yawa. A watan Oktoban 2024 an ga abin da hakan ke nufi. Layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa a dajin da 'yan bindiga suka hana shiga, sai layin da ya taso daga Ugwuaji ta Inugu ya bi ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya faɗi. Galibin jihohin Arewa suka yi kusan kwana goma babu wuta. Masu casar shinkafa suka sallami leburori, ƙanƙara ta zama kayan gabas, masu cajin waya ne kawai suka ga kasuwa. Maiduguri ta riga kowa ɗanɗana wannan: tun Janairun 2021 aka kayar da turakun da ke kai mata wuta, har sai da aka gina mata tashar gas mai megawat 50 a 2023.

Maganin da ake jira shi ne bututun gas na AKK, kilomita 614 daga Ajaokuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ranar da gas ya iso Challawa da Sharaɗa da Bompai ta bututu, lissafin masana'antun Kano zai canza daga tushe. An sha sa ranar gamawa ana ɗagawa, don haka kada ka ci bashi a kan ranar da aka faɗa a rediyo. A yanzu wasu manyan masana'antu a tanka ake kawo musu gas daga Kudu, kuma ko da kuɗin mota suna ganin ya fi musu dizal.

An ce yanzu jiha na iya yin wutarta. Hakan zai sauko da farashi?

Gyaran tsarin mulki da Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, da dokar lantarki da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin shekarar, sun ba jihohi ikon kafa hukumarsu da yanka farashi a cikin iyakarsu. Inugu ta gwada: hukumarta ta sauko da Band A zuwa naira 160 daga Agustan 2025. Nan take rigima ta tashi, don wutar da ake rabawa a jihar daga layin ƙasa take zuwa, kuma masu samar da ita suka ce wa zai cike ragin? Jiha ba ta da cikakken iko a kan farashi sai tana da wutar da aka samar a cikinta, ko kuɗin da za ta yi tallafi da aljihunta.

Sola fa? Kowa sai cewa yake in sa sola.

Ya danganta da sana'arka, kuma mai sayar da kayan ba zai faɗa maka haka ba. Farantan sola sun yi araha ƙwarai a 'yan shekarun nan saboda masana'antun China sun cika duniya da su. A rana irin tamu, farantan kilowat ɗaya suna ba da yunit huɗu zuwa biyar a yini. Inda kuɗin yake shi ne batir. Don haka wanda aikinsa na rana ne, kamar tela, mai kemis, mai shagon ɗab'i, mai POS, mai ban ruwa a fadama, shi sola ta fi yi wa rana, don yana shan wutar kai tsaye ba sai an adana da yawa ba. Wanda firizojinsa ke aiki dare da rana kuwa, rabin jarinsa a batir zai tafi.

Masu manyan injina, irin injin niƙa da walda da kwampireso, su yi hattara. Motar inji tana jan ninkin wutarta sau da yawa a daƙiƙun tashi, inbatar da aka auna da abin da ke rubuce a jikin injin za ta yi ta tsalle tana kashe kanta. Irin wannan aikin sai wanda ya san shi ya auna, ba yaron shago ba.

Batir mai ruwa ya fi araha a saye, amma zafin Afrilu da zuƙe shi ƙarƙaf kullum suna kashe shi cikin shekara biyu ko ƙasa. Na litiyom ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba, in na gaske ne. Kasuwa cike take da tsofaffin da aka sake wa riga. Ga kuma ƙurar hunturu: farantin da ba a gogewa yana rage aiki sosai, mutum ya yi ta zagin wanda ya haɗa masa alhali tsumma da bokiti ne maganin.

Lissafin mai sauƙi ne. Raba kuɗin kayan gaba ɗaya da abin da kake kashewa a fetur ko dizal a wata, wanda solar za ta ɗauke maka. In ya fito wata 18 zuwa 30, ka samu hanya. Amma in da bashin banki za ka yi, sa kuɗin ruwa a ciki: Babban Banki ya kai ma'auninsa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, abin da bankuna ke ɗora wa ɗan kasuwa kuma ya fi haka. Shi ya sa tsarin da wani kamfani ke kafa solar a kasuwa, 'yan kasuwa su riƙa biyan abin da suka sha, ya fi dacewa da masu ƙaramin jari. An yi haka a kasuwar Sabon Gari ta Kano tun 2018 ƙarƙashin hukumar samar da wuta a karkara, REA. Yunit ɗin ya fi na layin gwamnati tsada, amma bai kama ƙafar na fetur ba, ga raguwar hayaƙi da haɗarin gobara.

Akwai kuma shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2023. Kuɗin kamfanonin da ke kafa ƙananan tashoshi da raba kayan sola ake ba wa bisa aikin da suka yi. In wani ya zo maka da fom yana neman kuɗin rajista wai za a turo maka rabonka, riƙe aljihunka.

Wannan zancen sauyin yanayi da ake tarurruka a Turai, me ya haɗa shi da shagona?

A taron Glasgow na Nuwamban 2021 Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa, a watan kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Dokar ta ɗora wa duk kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya ɗauki matakan rage hayaƙi, ya kuma naɗa jami'in da zai riƙa kai rahoto. In ba ka kai nan ba, babu mai zuwa maka da takarda.

Ta farashi abin zai same ka. Tsarin da gwamnati ta fitar a 2022 ya ɗauki iskar gas a matsayin gadar da za a taka kafin a ƙarasa ga rana da ruwa, shi ya sa ake ta tura motoci da Keke Napep su koma CNG, wato iskar gas ta ababen hawa. A Oktoban 2024 an cire VAT daga kan CNG da gas ɗin girki da motocin lantarki, har da dizal. Sabuwar dokar haraji ta 2025 kuma tana ɗauke da ƙarin kashi 5 a kan fetur da dizal, wanda ba zai fara aiki ba sai ministan kuɗi ya fitar da umarni, kuma an keɓe kananzir da gas ɗin girki da CNG. Ka ga inda aka karkata. Haka masu ba da rance na waje: kuɗin sola da sauƙi suke sakinsa, na abin da ke ƙona mai kuwa sai an sha fama.

Ina fitar da kaya Turai. Dokokinsu na hayaƙi sun shafe ni?

Guda biyu ne ake yawan cakuɗawa. Na farko, CBAM, kuɗi ne da Tarayyar Turai ke ɗorawa gwargwadon hayaƙin da aka fitar wajen ƙera kaya. An fara da kai rahoto kawai a Oktoban 2023, cikakken tsarin ya kama daga Janairun 2026. Siminti, ƙarfe, alminiyom, takin zamani, lantarki da haidurojin ya shafa. Wannan ciwon kan manyan masu yin takin yuriya ne, ba na mai riɗi ko zoɓo ko citta ko ƙaro ba.

Na biyu dokar hana sare daji ce, wadda aka ɗage fara aiki da ita har sau biyu. Ta shafi koko, kofi, manja, roba, katako, waken suya da shanu har da fatarsu. Mai saye zai nemi shaidar inda gonar take a taswira, da tabbacin ba a share daji an yi ta ba bayan ƙarshen 2020. Majeman Kano galibi fatar awaki da tumaki suke fitarwa, su kuwa ba sa cikin jerin. Mai waken suya da mai kirgin shanu su ne za su fara tattara bayanan inda kayansu suka fito.

Mu da ke kasuwanci tsakanin Katsina da Maraɗi, me ya sa ake ba Nijar wuta alhali mu ba ta ishe mu ba?

Sayarwa ake yi, ba kyauta ba, kuma tsohuwar fahimta ce: Najeriya ta ba da wuta, Nijar kuma kada ta tare kogin Kwara daga sama ta rage wa Kainji da Jebba ruwa. Layi ɗaya ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wani daga Katsina zuwa Gazawa yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wajen kashi 70 na wutar da kamfanin wutar Nijar, NIGELEC, ke rabawa daga nan take zuwa. Da ECOWAS ta sa takunkumi aka yanke ta, ba a mayar ba sai bayan ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024. A watan Mayun shekarar kuma NERC ta ce abin da za a riƙa tura wa ƙasashen waje gaba ɗaya kada ya wuce kashi 6 na wutar da ke kan layi.

Watannin duhun sun sa 'yan kasuwar Yamai da Maraɗi sun rungumi sola da gaggawa, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen 2023, kuma aikin madatsar Kandadji da ke kan kogin a yankin Tillaberi ya ƙara samun masu goyon baya. In aka gama ta, ruwan da zai iso Kainji sai ya fara ratsa ƙofofinta.